Lomar Tsakiyar Tire

Kafin ku fara zagina, ku tsaya ku ji yadda aka yi. Na san a cikinku akwai masu cewa, "Ke Belma, da bakinki da komai, me ya hana ki magana?" Bakin yana nan kuwa. Aikina ma amsa wayar Jamusawa masu ƙorafi ne, har gargaɗi an taɓa yi min don na gaya wa wani tsoho cewa injin wankinsa lafiya lau yake, shi ne bai kunna ba. Amma ranar Lahadin nan bakin nawa mutuwa ya yi murus.

Shekarata ashirin da shida, a nan Zenica aka haife ni, kuma ban san ranar da na taɓa zama siririya ba. Tun ina firamare 'yan unguwa ke kirana Tanki. Wannan bai taɓa hana ni barci ba, ina da fuska, ina da gashi, na kuma iya mayar da martani. Abin da ya hana ni barci shi ne Babo, haka muke kiran uba a nan. Ciwon suga ya cinye mahaifina gaɓa-gaɓa a kan idona: yatsa, sai ƙafa, sai ido, daga ƙarshe wankin ƙoda. Ni na riƙa sa masa safa a ƙafa ɗaya. Da ya rasu na ɗauka ciwon ya bar gidanmu, ashe ɗakina kawai ya koma.

Bana da bazara likita ta dube ni ta saman gilashinta ta ce ƙodata ta fara gajiya, allurar insulin ɗin kuma ta daina jin magana. Kilo ɗari da talatin da ɗaya nake a ranar. Ta ce akwai tiyata, za a yanke mafi yawan tumbina a fitar, a bar ɗan abin da bai fi ayaba ba. Na yi kuka, na yi istihara, na tuna safar Babo, na sa hannu.

A wani asibitin kuɗi a Tuzla aka yi aikin. Likitar da ta yi min wata doguwar mata ce mai muryar maza, ba ta iya lallashi ba ko kaɗan. Ranar da za a sallame ni ta zauna a bakin gadona.

"Ki saurare ni da kyau, don ba na maimaita magana. Tumbinki a ɗinke yake da 'yan ƙarafa, ɗanye ne sharaf. Ruwa-ruwa kawai za ki sha har sai na ce miki an wuce wurin. Romo, yogot mai ruwa, shayi ba sukari. Kurɓi-kurɓi. Ba abu mai gas. Kika tura masa abu mai tauri, ɗinkin zai iya buɗewa, abin da ke ciki ya riƙa yoyo cikin cikinki."

"In hakan ta faru fa?"

"Mutane na mutuwa da shi, in sun yi jinkiri. Idan bugun zuciyarki ya haura ɗari da ashirin kina zaune, ko zazzaɓi ya rufe ki, ko kafaɗarki ta hagu ta ɗau ciwo, kada ki tsaya kirana. Ki shiga mota tukuna, ki kira ni daga hanya."

"Kafaɗa kuma? Me ya haɗa kafaɗa da tumbi?"

"Jijiya. Ke dai ki riƙe."

Na riƙe kuwa. Tun daga ranar nake lallaɓa kafaɗar nan kamar jaririya.

To, yanzu ga Nedim.

Malamin koyar da tuƙi ne, a nan muka haɗu. Ranar farko da na shiga motarsa na ja bel, na ja, ya ƙi kaiwa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai ya hau yi min bayanin madubi har lokaci ya ƙare, motar ko motsi ba ta yi ba. Sati na zagayowa na tarar an jona wa bel ɗin wani ɗan ƙari, shi kuma yana ta goge gilashi kamar bai san zancen ba. A wurin na kamu, ba sai na ɓoye muku ba. Mutum ne mai sanyi, mai bin doka har ya ba ka haushi. Ko titi ba kowa sai ya kunna sigina.

Ya taɓa gaya min yana da yaya mace, Senada, ta rasu shekarun baya. "Rashin lafiya," ya ce, ya kawar da kai. Ban matsa ba.

Sai da aka sa min ranar tiyata Mama ta dawo daga kasuwa ko takalmi ba ta cire ba, ta rufe taga, ta zauna. Mama ba ta iya zama a ɗaki taga a buɗe. Ita da duk sa'o'inta sun yarda iskar da ta shigo ta taga ta fita ta ƙofa ita ke kawo sanƙarar wuya, ciwon haƙori da shanyewar fuska. Ko a tsakiyar Yuli gara mu dahu.

"Kin san me ya kashe yayar yaron nan?"

"Rashin lafiya."

"Rashin lafiyar gidanku. Irin aikin da za a yi miki ta je aka yi mata a ƙasar waje. Ta dawo ko wata ba ta rufa ba. Uwar tasu, Zumreta, an ce ta rantse ba macen da za ta shiga gidanta da yankakken ciki."

Na tuna ranar da tallar irin asibitocin nan ta faɗo a wayata yana kusa, ya ture wayar ya ce, "Mahauta." Na ɗauka wasa yake.

"Zan gaya masa, Mama."

"Ki gaya masa me? Yaro mai hankali, mai sana'a, ya gan ki haka ya ce yana so, ki je ki kore shi da bakinki? A ɗaura aure tukuna. In ya ga tabo ki ce matsarmama aka cire miki."

Na so in yi gardama, amma tsoro ya fi ƙarfina. Ina tsoron mutuwar Babo, ina tsoron rasa Nedim, na rasa wanda zan fi tsoro. Sai na ce masa zan je Tuzla jinyar gwaggona. Ina kwance da robobi a jiki yana turo min saƙo: *Ki gaishe da mara lafiya. Ke ma ki riƙa cin abinci, kar ki rame min.*

Ko sati biyu ban cika da dawowa ba, ranar Juma'a, wayata ta yi ƙara.

*Albishirinki. Babanmu ya iso daga Graz, amma Litinin zai juya da tirela. Mamarmu ta ce jibi ku zo cin abincin rana ke da mamarki.*

*Jibi? Ba za a bari sai ya sake zuwa ba?*

*Sai Disamba fa. Belma, tun jiya take jiƙa ganyen kabeji. Kar ki yi min haka.*

*Cikina ba ya min daɗi kwanan nan.*

*Girkin Mama ne maganinsa.* Ya haɗa da fuskar dariya guda uku.

Na kai wa Mama wayar. Na ce in ce ina azumi. Ta ce azumi a ranar da aka gayyace ka cin abinci ai raini ne. Na ce in ce an cire min haƙori. Ta ce Zumreta za ta ce in buɗe baki ta gani. Daga ƙarshe ta ɗauko babbar jakarta ta zuwa biki, ta shimfiɗa leda a ciki.

"Ke ki sha romo, ki riƙa juya cokali. Sauran ki bar ni da shi."

Ranar Lahadi na tashi jikina ɗumi-ɗumi, na ce zafin gari ne. Na canza filastar ƙananan ramuka biyar da tiyatar ta bari a cikina, na yi wa kaina allurar hana daskarewar jini a gefen cibiya, na sa koriyar rigata mai dogon hannu da Mama ta rage wa baki da daddare. Ta fara yi min yawa a kafaɗa, abin da na shekara ina mafarki, amma ranar haushi ta ba ni don tona asiri take shirin yi. Na ɗaura agogon da Nedim ya saya min, mai ƙirga bugun zuciya, wanda ke girgiza in ta yi gudu. Mama ta naɗe gahawa kilo ɗaya da sukarin ƙwaya da kwalin cakulan a takarda mai ƙyalli. A tasi na ɗan sassauta gilashi, ta buge min hannu.

"So kike ki isa gidan surukai da karkataccen baki?"

Gidan nasu a kan tudu yake, matakala kamar ba za ta ƙare ba. Kafin mu kai ƙofa na jiƙe sharkaf. Nedim ya fito da farar riga, an yi aski har kunnensa ya fito, yana ta murmushi. Bayansa ga mahaifiyarsa, Teta Zumreta (Teta muke ce wa sa'ar uwa), gajeriya, fara, da ɗankwali ruwan toka da garin fulawa a gwiwar hannu. Na shirya wa harara da kallon ƙurilla. Ban shirya wa abin da ta yi ba. Ta kama fuskata da hannu biyu ta tsaya tana kallona, idonta ya kawo ruwa.

"Masha Allah. Masha Allah. Sabit, zo ka gani," ta ƙwala wa mijinta kira.

Ta rungume ni ƙam, daidai kan filasta. Na cije leɓe har na ji gishiri.

Da muka cire takalma ta ba Mama silifas ɗin baƙi daga kwando, ni kuma ta shiga ciki ta fito da wasu jajaye masu gashi-gashi, an ɗan taka bayansu.

"Sa waɗannan. Ba wanda ya sa su tun da mai su ta tafi. Ƙafarku ɗaya, tun daga nesa na gani."

Sun yi min daidai, jama'a. Kamar an auna.

A falo, saman talabijin, kan farar saƙa, ga hoton Senada. Zagayayyar fuska, kumatu, gashi baƙi mai yawa. Ba kama muke ba sosai, amma in ka kalle ta da ido ɗaya za ka ce ƙanwarta ce ta shigo. Kujerar da ke fuskantar hoton aka ja min a teburi.

Baffa Sabit, baban Nedim, ƙaton mutum ne mai gashin baki da dariya kamar tashin tirela. Tun kafin mu zauna ya fara.

"Ke ce kika ci jarrabawar tuƙi a hannun wannan kunkurun? Ai kin yi haƙuri. Ni in ya ɗauko ni daga tasha, sauka nake in taka da ƙafa in riga shi isowa."

"Babo, don Allah," in ji Nedim.

"Ƙarya na yi? Har keke na yi masa hon."

Aka kawo miyar kaza da kuɓewa. Na gode wa Allah, na riƙa tsame romon sama-sama ina kurɓa. Cokali biyar na ji na cika har wuya. Sai aka shigo da sauran: naman da aka naɗe a ganyen kabeji, tattasai cike da shinkafa, gasasshen ɗan rago da dankali, teburin har ba wurin ajiye gwiwar hannu. Teta ba ta zauna ba, a kaina ta tsaya da ludayi.

"Bismillah, 'yata."

"Na gode, Teta, na ƙoshi."

Duk suka yi dariya, har Nedim. Kun san halinmu. A teburinmu wanda ya ce ya ƙoshi kunya yake ji, in ya sake faɗa an ce yana da tarbiyya, in ya faɗa na uku to so yake a lallashe shi. Ba wanda aka taɓa yarda da shi. Ni kaina na sha yi wa baƙi haka a gidanmu, ina tura musu abinci suna rantsuwa. Ranar na gane zalunci ne.

Ta zuba min guda huɗu. Ta juya ɗauko burodi, Mama ta yi wuf da biyu cikin jaka, fuskarta ko gezau, tana tambayar Baffa Sabit tsadar haya a Graz. Na farfasa sauran da cokali na baza su a faranti. Teta ta dawo ta ga gurbi.

"Yawwa! Kun gani? Yarinya mai cin abinci. Ga ƙari."

Haka muka yi ta yi. Tana zubawa, Mama na kwashewa, jakar na kumbura a ƙarƙashin teburi. Da wani aka yi wa da na yi dariya har hawaye. Ni kuwa tafin hannuna gumi yake, ina ta satar kallon agogo.

"Kin ɗan faɗa fa," in ji Nedim. "Jinyar nan ta wahalar da ke."

"Kada ka sa mata ido," Teta ta ce. Ta dafa kafaɗata. "Ki ji ni da kyau, 'yata. Kada ki bari kowa ya ruɗe ki da zancen rama. Yadda Allah ya yi ki haka muke son ki. Tawa sun ruɗe ta. Suka yanke mata ciki kamar akuya, suka dawo min da ita tana kallon abinci tana hawaye. Da yunwa Senada ta tafi lahira. Da yunwa, a gidan da ba a taɓa rasa tukunya a wuta ba."

Baffa Sabit ya sunkuyar da kai. Mama ta taka min ƙafa a hankali, wato in kama bakina. Ni kuwa tausayin matar nan ya kama ni har na manta tsorona na ɗan lokaci. Ba muguwa ba ce. Da muguwa ce da abin ya zo min da sauƙi.

Ta share ido da bakin ɗankwali, ta shiga kicin, ta fito da babban tire zagayayye. Pita ce, siririn kwaɓin fulawa da nama a ciki, an naɗe ta kamar tabarma daga tsakiya har baki, tana ƙyalli da man shanu, tana tururi. Ƙamshinta ya bugi hancina. Rabona da tauna wani abu tun kafin tiyata.

"To fa," in ji Baffa Sabit yana murza gashin baki. "Yau za a taɓa tsakiyar tire. Ni shekara talatin da wani abu ina gidan nan, ko ƙamshinta ba a bari na ji."

"Kai surukar wa ce?" Teta ta harare shi. Ta juyo gare mu. "A danginmu haka ake yi. Uwar mijina ta ba ni da hannunta, ita ma tata surukar ta ba ta. Tsakiyar tire ta yarinyar da aka karɓa ce. In ta ci, ta zama 'yar gida. Sauran maganar maza duk surutu ne."

Ta sa yatsu ta ciro naɗin tsakiya, ta hura, ta miƙo shi daidai bakina. Wannan ba ya shiga jaka. Ba ya ɓoyuwa a faranti.

Na kalli Mama. Fuskarta ta yi fari fat. Na kalli Nedim. Ya ɗaga waya yana ɗaukar mu bidiyo, idonsa na sheƙi. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na ranar ba.

"Teta, wallahi na ƙoshi."

"Na sani, na sani. Buɗe."

"Da zafi."

Ta sake hurawa. "Ko ba kya son mu ne?"

A nan ne ya kamata in yi magana. Na sani. Kalma nawa ce? Amma ina sanye da silifas ɗin 'yarta, ina zaune a kujerarta, hotonta na kallona. Na buɗe baki.

Na tauna. Na tauna har ta zama kamar kunu, amma naman ya ƙi narkewa, ɓawon kuma yana sukar dasashina. Na tura ta gefen kumatu ina neman hanyar banɗaki da ido.

"To, 'yata," in ji Baffa Sabit, "kin karɓe mu, ko mu nemi wata?"

Kowa ya zuba min ido. Ba a amsa wa babba da abinci a baki. Na haɗiye.

Na ji saukarta tiryan-tiryan, ta je ƙasan ƙirjina ta tsaya cak kamar an cusa dutse. Numfashina ya sarƙe, idona ya kawo ruwa.

"Ta shaƙe! A ba ta ruwa!" in ji Teta.

Baffa Sabit ya tsiyaya min daga koriyar kwalba ya kafa min kofin a baki. Sai da na yi ƙwat biyu na ji yana tartsatsi a harshena. Mai gas ne.

"Na karɓa, Baffa," na ce da ƙyar.

Aka yi tafi. Teta ta sumbaci goshina ta ce hawayen farin ciki ne, ita ma haka ta yi. Mama ta raɗa min, "Shi ke nan, an wuce wurin. Kin ga ba abin da ya faru."

Muka koma kujerun falo jiran gahawa. Na zauna a miƙe kamar an dasa ni. Ciwon bai sauka ba, yaɗuwa yake, daga ƙirji zuwa ƙarƙashin haƙarƙari. Sanyi ya fara ratsa ni alhali rana na dukan labule. Baffa Sabit na ba Mama labarin 'yan kwastan, ni ba na jin komai sai bugun da ke kunnena. Na riƙa ce wa kaina, cika ce kawai, loma ɗaya ce, loma ɗaya ba ta kisa. Wata zuciyar ta ce, ɗumin da kika tashi da shi tun safe fa?

Agogon ya girgiza. Na rufe shi da hannun riga. Saƙo ya shigo daga Nedim, yana zaune can gefe kusa da babansa.

*Amaryata, lafiya? Kin yi fari.*

*Zafi ne.*

Ya tashi ya buɗe taga. Na soma rubuta, *Nedim, akwai abin da ban gaya*, yatsuna suka ƙi. Agogon ya sake girgiza. Na leƙa. Ɗari da ashirin da takwas, ina zaune.

Sai kafaɗar ta amsa. Ta hagu. Wani suka mai zurfi, can cikin ƙashi, kamar an soka tsinke ana juyawa. Ban san lokacin da hannuna ya kai wurin ba. Innalillahi. Tsoro irin wannan ban taɓa jin sa ba, ko a ranar da aka tura ni ɗakin tiyata.

Daidai nan Teta ta shigo da tiren gahawa, 'yan kofuna na ƙara. Ta tsaya a tsakiyar ɗaki.

"Me ya sami kafaɗarki?"

"Iska ce," Mama ta yi caraf. "Tun a tasi na hana ta buɗe gilashi, ba ta ji. Ga shi yanzu an buɗe taga, ƙofa ma a buɗe."

"Ai kuwa!" Baffa Sabit ya miƙe. "Kai Nedim, kana da hankali? Ka sa yarinya a tsakiyar iska tana gumi? Rufe! Zumreta, ina man zafin nan? A shafa mata a ɗaure da mayafin ulu, kafin magariba ta ware."

Teta ba ta motsa ba. Ba kafaɗata take kallo ba yanzu. Ta kalli rigar da ta yi min yawa, ta kalli gumin goshina, ta kalli jakar Mama da maiƙo ya fara ɓullowa ta gindinta ya ɓata kafet. Ta ajiye tiren a ƙasa, a ƙasa fa, ba a teburi ba. Ta durƙusa a gabana ta ɗora tafinta a cikina, tana lalube a hankali ta saman riga. Yatsunta suka sami filasta ta farko, suka sami ta biyu. Ta san inda sauran suke, kai tsaye ta je musu.

"Yaushe?"

"Matsarmama ce aka..." in ji Mama.

"Ba da ke nake ba. Yaushe, 'yata?"

"Sati biyu bai cika ba, Teta." Kuka ya ƙwace min. "Ƙodata ce za ta lalace. Ciwon da ya kashe Babo ne. Na ji tsoro ku ƙi ni."

Na ji wayar Nedim ta faɗi a kan tayil. Ban iya kallonsa ba.

"Iska," Teta ta ce, muryarta ta dushe. "Haka muka ce da Senada. Kwana biyu ina shafa mata man zafi, ina toshe tagogi da tsumma." Ta ɗaga hannunta na dama tana kallonsa kamar ba nata ba. "Tana ta kukan yunwa, na kasa jurewa. Na ce loma ɗaya ce. Da hannun nan na ba ta."

"Zumreta..." in ji Baffa Sabit.

"Nedim, makulli."

Bai motsa ba. Yana tsaye jikin taga, fuskarsa kamar ba jini.

"Nedim! Na ce makulli!"

Ban san yadda muka sauka matakalar ba. Baffa Sabit ne ya tallafe ni, Mama na biye tana salati da takalmina a hannu, jakar ta bar ta a falo. Jajayen silifas ɗin ne a ƙafata. Aka sa ni a bayan motar koyon tuƙi, Teta ta shigo ta ɗora kaina a kafaɗarta. Nedim ya ciro ɗan ƙarin bel ɗin nan daga kujerar gaba, ya sunkuyo ya ɗaura min, ya saukar da shi ƙasa don kada ya taɓa ciwon. Hannunsa sanyi ƙalau. Bai kalli idona ba.

"Nedim, ka yi haƙuri."

Ya rufe ƙofa. Ya tayar da mota ya fita titi ko sigina bai kunna ba.

Mama na gaba tana neman lambar likita a wayata, tana latsa ba daidai ba, tana kuka tana cewa ita ta ja. Na ce ba na samun numfashi. Teta ta miƙa hannu ta sauke gilashin ɓangarena har ƙasa, ta sauke nata, iska ta riƙa ratsa motar tana kaɗa ɗankwalinta. Ba wanda ya ce a rufe.

A mahaɗar gada danja ta nuna ja. Na ji Nedim ya ɗaga ƙafa, motar ta fara lafawa.

Agogon ya sake girgiza. Kafin in duba Teta ta kama hannuna ta juya shi, ta karanta, ta kife shi a cinyarta ta danne da nata.

"Nawa ne, Teta?"

Ba ta amsa min ba. Ta dafa bayan kujerar ɗanta.

"Taka, Nedim. Kar ka tsaya."